Abdussalami Bagimbane: Malamin da Jihadi Ya Tashi a Kansa, Ya Kuma Ƙare da Shi

A farkon watan Janairun 1818 rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta shiga garin Kware da yaƙi, bayan an shafe watanni ana kai ruwa rana a bakin ganuwarsa. Garin yana kimanin kilomita 20 ne arewa da birnin Sakkwato. Mai garin ya kuɓuta da raunin kibiya a jikinsa, ya nufi ƙasar Zamfara, ya kai Bakura, a can rai ya yi halinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai cika wata tara a kabari ba a lokacin.

Wanda aka fatattaka ɗin nan ba ya cikin sarakunan Gobir ko na Kabi da masu jihadi suka daɗe suna fafatawa da su. Almajirin Shehu ne tun zaman Degel, malami mai ɗalibai da mabiya, kuma ɗaya daga cikin shugabannin Jama'a. Sunansa Abdussalami ɗan Ibrahim, wanda aka fi sani da Bagimbane. Shekara 14 kafin wannan rana, garinsa na farko ne Gobirawa suka ƙone, kuma ƙin miƙa shi ga Sarkin Gobir na cikin abubuwan da suka sa Shehu ya bar gidansa ya yi hijira. Wato mutum ɗaya ne ya tsaya a bakin ƙofar jihadin Sakkwato ta shiga, shi ne kuma babban malami na farko daga cikin gida da sabuwar daular ta ɗaga wa takobi. Littattafan makaranta sukan ba shi layi biyu ko uku a labarin Gimbana, daga nan sai ya ɓace. Abin da ya faru tsakanin Gimbana da Bakura shi ne ba a cika karanta wa yara ba.

Ba'are a Degel

Abdussalami Ba'are ne, wato ɗan ƙabilar Arawa. Kada mai karatu ya rikita wannan da Arewar da ake nufi a siyasar Najeriya ta yau. Ƙasar Arewa ta Arawa yanki ne na masu magana da Hausa da ya ratsa Dogon Dutsi da Matankari a Jamhuriyar Nijar ta yanzu, ya gangaro har sassan Kangiwa a Jihar Kebbi. Daga wannan jama'a ya fito, ya bi hanyar da masu neman ilmi na zamanin suke bi, har ya zo hannun Shehu, wanda ya fara wa'azi wajen shekarar 1774 ya kuma mayar da Degel cibiyar karatu a ƙasar Gobir.

A Degel bai zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan almajirai kawai ba. Muhammadu Bello da kansa ya rubuta cewa Abdussalami ya kafa mazauninsa kusa da gidan Shehu, ya raɗa wa wurin suna Darussalam, mutanensa suka taru a kansa. Wannan ƙaramin bayani yana nuna hali. Mutum ne mai son malaminsa har ya manne masa, amma kuma mai son a san cewa yana da nasa zaure da nasa mutane. Yawancin manyan da ke kewaye da Shehu danginsa ne na Toronkawa ko wasu Fulani masu dangantaka da su ta aure da karatu. Abdussalami ba shi da wannan igiya. Abin da yake da shi shi ne ilmi da kuma talakawan da ke jin maganarsa, kuma a cikin shugabannin Jama'a da ba Fulani ba, babu wanda ya kai shi yawan mabiya a yammacin ƙasar Hausa.

Zamanin na da daɗi ga masu wa'azi a farko. A taron Idin babbar salla a Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya amince da buƙatun Shehu guda biyar: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bayan Bawa sai al'amura suka juya. Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Duk wanda ya karanta dokar nan da idon basira zai ga wanda ta fi shafa. An bar Shehu da bakinsa domin girmansa ya wuce a taɓa. Malamai irin Abdussalami, waɗanda mabiyansu da dama sababbin shiga ne daga ƙauyukan da ake bauta ta gargajiya, su aka toshe.

Gimbana

Wajen 1797 Abdussalami ya tattara mutanensa ya bar Degel. Ya yi kudu maso yamma, ya sauka a Gimbana, a ƙasar Kabi kusa da inda garin Jega yake a yau, can bakin iyakar inda ikon Alkalawa yake kaiwa. Wannan ita ce hijira ta farko a tarihin Jama'a, shekara bakwai kafin ta Gudu wadda kowa ya haddace.

Kafa gari a bakin iyaka a wancan zamani aiki ne na sarar daji, haƙa rijiya, raba gonaki, tayar da masallaci da makaranta, sannan a kewaye wuri domin mahara. Garin ya cika, domin duk wanda dokar Nafata ta matsa wa ya san inda zai dosa. Abin da ya sa hakan ya dami fadar Gobir kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. A ƙasar Hausa ta wancan ƙarni ƙasa tana da yawa, mutane ne suke da tsada. Sarki yana auna ƙarfinsa ne da yawan kawunan da ke biyan kuɗin ƙasa, da yawan samarin da za a iya ɗiba idan an buga tambarin yaƙi. Talakan da ya ɗauki iyalinsa ya koma Gimbana ya fita daga lissafin haraji da na mayaƙa a rana ɗaya, kuma ya nuna wa maƙwabcinsa cewa ana iya yin haka. Babu sarkin da zai zuba ido a kan irin wannan ƙofa.

Da Yunfa ya hau gadon Gobir, ya aika Abdussalami ya dawo. Ya ƙi. Wata ruwaya ta ƙara da cewa wata rundunar Gobir ta taɓa bi ta Gimbana ta nemi ya yi mata addu'ar nasara, ya hana. A watan Ramadan na 1218, wanda ya zo daidai da Disambar 1803, mayaƙan Yunfa suka faɗa wa garin mutane suna cikin azumi. Marubutan jihadi sun ce an kashe malamai da makaranta Alƙur'ani, an wawashe dukiya, an kama mata da yara. Abdussalami ya sha da ƙyar, ya fake a wani sansanin Fulani da ke kusa. Gobirawa suka nemi a ba su shi. Masu masaukin suka ƙi, bisa matsayin Shehu cewa ba a miƙa Musulmi ga wanda zai cuce shi.

A riƙe wannan a zuciya, domin zai dawo.

Sauran labarin sananne ne. An bi da kamammun Gimbana ta kusa da Degel za a kai su Alkalawa, mutanen Shehu suka tare ayarin suka kwance su. A idon Yunfa wannan ƙwace ganimar sarki ce da rana tsaka. Ya aika wa Shehu ya fita daga cikin jama'arsa da iyalinsa kaɗai. Shehu ya zaɓi ya fita da jama'ar duka. Ranar 21 ga Fabrairun 1804 aka tashi daga Degel zuwa Gudu, inda aka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Ragowar Gimbanawa da malaminsu suka haɗu da su. Bautar da 'yantattun Musulmi na cikin manyan laifuffukan da Jama'a ta ɗora wa sarakunan Hausa, kuma mutanen Abdussalami su ne hujjar da ke tafiya da ƙafafunta.

Shekarun yaƙi

Daga nan malami ya zama shugaban mayaƙa, kamar yadda ya faru da kusan dukan manyan almajiran Shehu. Rundunar Jama'a ba ta da albashi ko bariki. Kowane shugaba yana zuwa ne da mutanensa, su yi yaƙi a bayansa, su ci daga ganima in an samu. Gimbanawa suna cikin wannan runduna tun daga ranar farko, kuma su ne suka shiga yaƙin ba su da sauran abin da za su rasa.

Karon farko an yi su ne a Matankari da Birnin Ƙonni, wato a ƙofar ƙasar da Abdussalami ya fito. Ranar 21 ga Yunin 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, inda maharban Jama'a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka karya dawakin Yunfa. Nasarar ba ta ɗore ba tare da tsada ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekara, an kashe wa Jama'a kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa ta kora su Zamfara. A Afrilun 1805 suka ci Birnin Kebbi, suka mayar da Gwandu sansani, sannan a ƙarshen shekarar suka sha kashi mai muni a Alwasa har abokan gaba suka biyo su bakin Gwandu. Sai a Oktoban 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Tun kafin a kai ga wannan nasara, ɓaraka ta fara bayyana a cikin gida, kuma wanda ya fara ɗaga murya ba Abdussalami ba ne. Abdullahi ne, ƙanen Shehu kuma wazirinsa. Wajen 1807 ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya gani na son mulki, tara dukiya da ƙwaraƙwarai da dawaki, da watsi da manufar da aka fito dominta. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma gida. Ya adana wannan koke a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Duk mai son ya ce ƙorafin Abdussalami hassada ce kawai, sai ya fara bayyana abin da ya fitar da Abdullahi daga Gwandu shekara goma kafin rikicin Kware.

Rabo

A 1812, Shehu yana zaune a Sifawa, aka raba kula da daula. Gabas ta koma hannun ɗansa Bello, wanda ya riga ya gina Sakkwato a 1809. Yamma ta koma hannun Abdullahi. Arewa aka bar wa Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo. Abdussalami ya sami garuruwa bakwai a ɓangaren Gwandu, cikinsu har da Sabiyel, kuma a ƙarƙashin Abdullahi.

Ga mutumin da ya riga kowa hijira, aka fara zubar da jinin mutanensa kafin na kowa, wannan rabo ƙarami ne, kuma bai ɓoye cewa haka yake ganinsa ba. Bisa ruwayar Bello, ya shiga faɗaɗa ikonsa fiye da iyakar da aka yanka masa, Abdullahi ya taka masa birki, shi kuma ya fara hulɗa da waɗanda ake ɗauka abokan gaba. Da maganar ta kai kunnen Shehu sai aka ɗauke shi daga yamma aka zaunar da shi a Kware, kusa da idon Bello. An bar shi ya kewaye garin da ganuwa.

Wannan shi ne karo na biyu da ya kafa gari a bakin iyaka, domin arewa da Kware a lokacin ƙasa ce da ba ta gama kwanciya ba, ga Gobirawan da ba su sallama ba, ga Ƙonni, ga Azbinawa masu sauya ɓangare gwargwadon inda riba take. Abin da ya faru a Gimbana kuma shi ya sake faruwa. Garin ya cika ya bunƙasa. Fatake suka riƙa shiga da fita, har da masu ciniki da ƙasashen da Sakkwato take yaƙi da su. Waɗanda sabon mulki ya matsa wa suka san inda za su dosa. Da alama Abdussalami yana da baiwar da ba kowane malami ke da ita ba, ta sa talaka ya ji cewa a inuwarsa zai kwana lafiya. Baiwar nan ce ta jawo masa fushin Yunfa, ita ce kuma za ta jawo masa na Bello.

Wasiƙu biyu

Shehu ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato cikin gaggawa. Ruwayar da ta shahara ta ce Abdullahi ya taso daga Gwandu ya tarar an rufe ƙofar birni, ya juya. Zamfara da wasu sassan Kabi suka fara warware alkawari. A cikin wannan yanayi ne Abdussalami ya yi jinkirin zuwa mubaya'a, har sai da aka kira shi. Ya zo Sakkwato ya yi, ya koma Kware, amma zaman bai gyaru ba.

Kusan duk abin da aka sani game da watannin da suka biyo baya ya fito ne daga littafi ɗaya, Sardul Kalam, wanda Bello ya rubuta domin bayyana abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami. Ɗan jarida zai ce rahoto ne da ɓangare ɗaya ya rubuta bayan ɗaya ɓangaren ya mutu, kuma dole a karanta shi da wannan a rai. Sai dai akwai abin da ya kamata a yaba wa Bello a kai. Ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa a cikin littafin, da zarge-zargen da ke cikinsu, maimakon ya binne su tare da mai su. Da bai yi haka ba, da yau babu wanda ya san Abdussalami yana da hujja ko ɗaya. An fassara littafin zuwa Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930, don haka ba asiri ba ne da aka ɓoye wa mai karatun Hausa. Karanta shi ne aka daina yi.

Musabbabin rikicin na kusa shi ne 'yan amana, wato waɗanda ba Musulmi ba da suka karɓi zama ƙarƙashin daula bisa alkawarin kariya. Wasu daga cikinsu sun gudu daga inda aka ajiye su suka shiga Kware. Bello ya nemi a mayar da su. Abdussalami ya ƙi, yana ganin cewa zalunci ne ya koro su, mayar da su kuma taimakon zalunci ne. Shekara 14 da suka wuce, shi ne ɗan gudun hijirar da sarki ya ce a miƙo, wasu suka ƙi. Yanzu shi ne mai masauki. Da wuya a ce bai ga kamannin ba, da wuya kuma a ce Bello bai gani ba.

Wasiƙarsa ta farko ta malamai ce. Ya jero nassoshi da maganganun magabata kan haramcin zalunci da cin dukiyar mutane, yana nuna cewa abin da aka yi yaƙi domin kawarwa ya dawo a hannun waɗanda suka yi yaƙin, kuma a irin wannan zamani mutum yana da damar ya janye jikinsa. Waɗannan zarge-zarge ba baƙi ba ne a kunnen Jama'a. Irinsu ne Shehu ya jera wa sarakunan Hausa a Kitabul Farƙ, inda ya soki harajin da shari'a ba ta sani ba, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da ƙwace kayan talaka. Abdussalami ya ɗauki ma'aunin da malaminsa ya ƙera ne ya ɗora a kan 'ya'yan malamin.

Ta biyu ita ce ta fi shahara, domin da zane ta zo. Ya zana ƙasar da Allah ya ba Musulmi, ya rubuta sunan mai kowace kusurwa: gabas ta Bello, yamma ta Abdullahi, arewa ta Aliyu Jedo, kudu ta 'ya'yan Shehu, Atiku da Buhari. Sannan ya tambayi inda nasa rabon yake, yana cewa abin da yake hannunsa bai wuce abin da ya mallaka tun zamanin sarakunan da aka kayar ba, wato wurin zama da 'yan gonaki. Shekara 200 da suka wuce ke nan wani ya zana taswirar rabon muƙamai ya aika wa shugaban ƙasa.

Wasiƙun biyu ba sa tafiya daidai da juna, kuma a nan ne raunin Abdussalami yake. Ta farko tana kuka ne domin talakan da aka zalunta. Ta biyu tana kuka ne domin babban mutum da aka ba kaɗan. Mai karatun da ya saba da 'yan siyasar da ke tuna wahalar jama'a ranar da sunansu ya faɗi daga jerin naɗe-naɗe yana da damar ya yi tambaya: da an ba shi kusurwa guda a cikin zanen nan, da an ga wasiƙa ta farko? Amma tambayar ba ta goge gaskiyar zanen. Sunaye biyar ne a kai, huɗu daga gida ɗaya, na biyar kuma surukin gidan ne.

Bello ya amsa da ilmi, domin shi ma malami ne na gaske. Bai ce babu zalunci a ƙasarsa ba. Matsayinsa shi ne cewa samuwar masu laifi a cikin al'umma ba ta halatta fita daga ɗa'ar shugaban da aka yi wa mubaya'a, balle haɗa kai da abokan gabar Musulmi. Ya kuma ce ya yi wa Abdussalami tayin ya tashi ya koma wani yanki ya zauna lafiya idan maƙwabtakar ce ba ya so. Ta fuskar mai mulki ana iya fahimtarsa. Bai cika shekara a kan gado ba, baffansa yana fushi a Gwandu, ƙasashe suna ɓallewa, ga kuma gari mai ganuwa cike da masu ƙorafi a tafiyar yini ɗaya daga ƙofar gidansa. Abdussalami bai tashi ba. Ya ƙulla da masu tawaye na kewaye, aka fara kai hare-hare a kan garuruwan da ke biyayya ga Sakkwato, hanyoyi suka rufe. Daga kaka ta 1817 yaƙi ne a fili, har zuwa ranar da Kware ta faɗi.

Hukuncin da ya fi kibiya

Kafin a harbi Abdussalami, sai da aka yanke masa hukunci a takarda. Bello ya ɗauke shi wanda ya yi ridda, ba ɗan tawaye kawai ba, bisa ƙa'idar muwalati, wato cewa duk Musulmin da ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya fita daga addini. Da wannan ƙa'ida aka kafa hujjar yaƙar Barno a muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wadda Bello ya kawo a Infaƙul Maisur. Bambancin hukuncin biyu ba na malamai ba ne kawai. A fiƙihun Malikiyya ɗan tawaye Musulmi ne, ana yaƙarsa har ya dawo, amma ba a bautar da iyalinsa. Da zarar an kira mutum da sauran sunan, kariyar da ke kansa da kan mabiyansa ta ragu ƙwarai.

Ko a cikin gidan Shehu ba a haɗu a kan wannan ƙa'ida ba. A Diya'us Sultan, wanda ya rubuta wajen 1812, Abdullahi ya yi jayayya da yadda aka fahimci fatawar al-Maghili, yana ganin cewa taimakon kafiri a yaƙi saɓo ne babba, amma ba ya zama kafirci sai idan kafircin ake taimaka wa. Shehu ya mayar masa da martani a Najmul Ikhwan. Wato a ranar da aka shiga Kware, babban masanin fiƙihu na daular yana da rubutaccen ra'ayi da zai iya hana a kira almajirin Degel da sunan da aka kira shi. Ra'ayin mai riƙe da runduna ne ya yi aiki.

A 'yan shekarun nan sunan Bagimbane ya dawo a Facebook da TikTok, a bakin masu jayayyar Hausa da Fulani. Wasu sun mayar da shi shahidin ƙabila, wasu kuma maci amanar da ba a son a ambata. Duka biyun sun rage masa tsawo. Fulani ne suka ɓoye shi a 1803 suka ƙi miƙa shi ga sarki Bahaushe. Yakubun Bauchi, wanda shi ma ba Bafulatani ba ne, ya karɓi tuta ya mulki ƙasa mai faɗi har ya rasu a 1845 yana biyayya ga Sakkwato. A Kano kuma Ɗan Tunku, Bafulatani, shi ya yi wa Sarki Ibrahim Dabo tawaye na shekaru. Amma wanda ya ce asali bai taka rawa ba a rabon 1812 shi ma bai dubi zanen da kyau ba. Abin da takardun suka nuna shi ne iko ya taru a hannun dangi ɗaya da surukansu, kuma wanda ba shi da jini ko aure a cikin wannan da'ira, komai abin da ya bayar, a bakinta ya tsaya.

Kalambaina da Jega

Mutuwarsa ba ta kashe wutar ba. Ragowar mutanensa suka koma yamma suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka ci gaba da turjiya. Abdullahi ya kasa cin garin shi kaɗai. Wajen 1820 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya taimaka masa, garin ya faɗi. A bakin Kalambaina ne, bisa ruwayar da aka daɗe ana bayarwa, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Sulhun da ya daidaita Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa a 1903 an ƙulla shi ne a kan gawarwakin Gimbanawa, kamar yadda hijirar 1804 ta tashi a kan na iyayensu.

Ɗansa Buhari ya tsira. Daga baya ya miƙa wuya ga Gwandu, aka ba shi izinin ya zauna da mutanen ubansa a bakin gulbin Zamfara, ba nisa da kufan Gimbana. Garin da ya kafa a farkon shekarun 1820 shi ne Jega. Kafin ƙarshen ƙarnin, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a yammacin daular, inda fataken goro daga Gwanja suke haɗuwa da masu gishiri, da masu tufafin Kano da na Nupe. Cinikin da aka tuhumi uban da shi a Kware shi ya ɗaukaka garin ɗan. Jega a yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, a cikin masarautar Gwandu, kuma zuriyar Abdussalami ce ke riƙe da sarautarta, da laƙabin Sarkin Kabin Jega.